Cuta ɗaya, jiki daban-daban: a binciki gadon garkuwarmu a nan Zariya

Duk wanda ya yi aiki a ɓangaren masu ɗauke da HIV a shekarun da ba a fara ba kowa magani nan take ba, ya san irin wannan gida. Maigida ya rasu bayan doguwar jinya, aka auna matansa biyu, aka tarar dukansu suna ɗauke da ƙwayar cutar. Tushe ɗaya, tukunya ɗaya suke ci, rijiya ɗaya suke sha. Kafin shekara uku amarya ta rame, tari ya kama ta, sojojin jininta na CD4 sun faɗo ƙasa da 200. Uwargida kuwa ta kai shekara goma tana surfe da daka, nata suna sama da 500. A tsakar gida wasu su ce uwargida ce ta yi wa amarya asiri. Wasu su ce amarya ce ta kawo cutar, shi ya sa ta fi cin ta. Wasu kuma su ce uwargida lafiyarta ƙalau, na'urar asibiti ce ta yi ƙarya. Duk maganganun nan uku kuskure ne, kuma kowacce daga cikinsu ta isa ta raba zumunci ko ta kai mutum kabari.

Dalilan wannan bambanci suna da yawa: shekaru, abinci, tarin fuka, haihuwa a kai a kai, da irin ƙwayar cutar kanta. Amma akwai kaso mai nauyi da mutum ya gado daga uwa da uba. A cikin kusan kowace ƙwayar jikinmu akwai rubutun gado, wato DNA, mai haruffa kusan biliyan 3, an rubuta shi da baƙaƙe huɗu kacal, A da C da G da T. Mutum biyu sukan bambanta a kusan harafi ɗaya cikin kowane 1,000. Yawancin bambancin ba ya haifar da komai. Kaɗan daga ciki kuwa yana faɗawa a kan ƙwayoyin gadon da ke yaƙi da cututtuka. Binciken da aka yi a kan Turawa ya nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin yawan ƙwayar HIV a jinin mutanen da ba su fara magani ba yana komawa ne ga gado. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za a binciki wannan al'amari a jininmu, a garinmu, domin kusan duk abin da aka sani a kai an samo shi ne daga jinin wasu.

Bazazzagi ba ya buƙatar dogon bayani game da ganuwa da ƙofa. Ƙwayar HIV ba ta tsallaka ganuwa, ta ƙofa take shiga, kuma sai ta kama mariƙi biyu a jikin ƙwayar jinin: CD4, sannan CCR5 a mafi yawan lokuta. A 1996 aka gano cewa wasu mutane sun gaji CCR5 da haruffa 32 suka ɓace daga cikinsa, don haka ƙofar ba ta fitowa sam. Wanda ya gaji haka daga iyaye biyu, da wuya irin ƙwayar da aka fi samu ta shige shi. Wannan ne sirrin warkewar Timothy Ray Brown daga HIV a Balin ta Jamus, wanda aka yi wa dashen ɓargo a 2007 saboda kansar jini, daga wani mai irin wannan gado. Labarin ya zagaya duniya, har a majalisun shayi na Tudun Wada da Sabon Gari an yi ta maimaita shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wannan gado na mutanen arewacin Turai ne, inda kusan mutum ɗaya cikin 100 ke da kwafi biyu. A Afirka ta Yamma kusan babu shi. Dashen ɓargo kuma aiki ne da ke iya kashe mutum, ba a yi wa mai HIV shi sai idan kansa ko wata muguwar cutar jini ta riga ta tilasta.

Namu labarin yana cikin gari ne, bayan an riga an shigo ƙofa. A cikin ƙwayar jiki akwai dogarai da ke jiran baƙo. Wanda aka fi sani shi ne APOBEC3G, da aka gano aikinsa a 2002. Dabararsa abin mamaki ce. Yakan laɓe cikin sabuwar ƙwayar cutar tun tana fita, ya bi ta zuwa ƙwayar jiki ta gaba. Idan ta fara kwafar rubutunta, sai ya riƙa ɓata mata haruffa, inda ya kamata a ga G sai a ga A, har rubutun ya kasa karantuwa. Ita kuma cutar tana da makami mai suna Vif, wanda ke kama wannan dogari ya miƙa shi ga injin shara na jiki a niƙe shi. Akwai TRIM5, da aka gano a 2004, mai fasa ƙoƙon da cutar ke lulluɓe rubutunta a ciki. Na wasu birai yana tare HIV da ƙarfi, namu na 'yan Adam rauni gare shi a kanta. Akwai BST-2, da aka gane aikinsa a 2008, mai ɗaure sababbin ƙwayoyin cutar a bakin ƙofa kamar akuya a turke don kada su fita su yaɗu, cutar kuma ta tanadi Vpu domin kwance igiyar. Sai SAMHD1, mai ƙarar da tubalan da cutar ke buƙata don gina rubutunta.

Inda gado ya shigo shi ne, dogaran nan ba ƙarfinsu ɗaya ba a jikin kowa. Dangin APOBEC3 su bakwai ne, jere a kan kuromosom na 22, wato ɗaya daga cikin ƙullin da rubutun gado ke naɗe a ciki. Ɗaya daga cikinsu, APOBEC3H, yana da nau'in da ke da ƙarko da wanda ke lalacewa da wuri, kuma mai ƙarkon ya fi yawa a jinin 'yan Afirka. Shi APOBEC3G yana da wani sauyi da ake kira H186R, wanda ya yawaita a cikin baƙar fata. Wani bincike a kan baƙaƙen Amurka a 2004 ya danganta shi da saurin faɗuwar garkuwa, amma binciken da aka maimaita a wasu al'ummomi bai ba da amsa iri ɗaya ba. Wannan saɓani ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san cewa faɗan na ɓangare biyu ne. Ƙwayar da ta fi yawa a Amurka da Turai ita ce nau'in B. A Najeriya nau'in G ne da CRF02_AG suka mamaye, kuma Vif da Vpu ɗinsu ba daidai suke da na B ba. Dogari ɗaya, ɓarawo daban. Sakamakon da aka samu a Baltimo ta Amurka ba zai zama hujja a Samaru ba sai an gwada.

Sai kuma HLA, a kan kuromosom na 6, wanda shi ne ya fi kowa tasiri. Aikinsa kamar na sanƙira ne: ya ɗauko guntun naman cutar ya ɗaga a bainar jama'a, sojojin jiki su gani su kashe ƙwayar da ta kamu. Masu nau'in B*57 da B*27, da B*58:01 da B*81 a Afirka, sukan ɗaga guntun da cutar ba ta iya sauyawa ba tare da ta raunata kanta ba, don haka sukan daɗe da ƙarancin ƙwaya a jini. B*53 kuwa, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, binciken Gambiya na 1991 ya danganta shi da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, amma a HIV an danganta shi da saurin ci gaban cuta. Mu da muka san AS da SS ba za mu yi mamaki ba. Gadon da ya ceci kakanni daga wata annoba yana iya zama rauni a gaban wata.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajena ta fito ne a 2023. Masu bincike suka tattara bayanan kusan mutum 4,000 'yan asalin Afirka masu ɗauke da HIV, suka gano wani sauyi kusa da ƙwayar gadon CHD1L a kuromosom na 1, wanda masu shi ke da ƙarancin ƙwayar cuta a jini. An shafe shekaru ana tace jinin Turawa ba a gan shi ba, domin ba a jininsu yake ba. A manyan binciken gado na duniya, 'yan asalin Afirka ba su wuce kashi 3 cikin 100 na waɗanda aka auna ba, alhali Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado, kuma a kudu da Sahara ne kusan kashi biyu cikin uku na masu HIV suke. Ko a cikin wannan ɗan kason, shahararren aikin tattara gadon mutum dubu na duniya ya ɗauki Yarbawan Ibadan da mutanen Esan daga Najeriya, babu Bahaushe, babu Bafulatani, babu Babarbare. Bayarabe ɗan'uwa ne, amma jininsa ba zai tsaya a madadin na kowa ba. Binciken da aka yi a Burkina Faso da Mali ya nuna Fulani suna jure zazzaɓin cizon sauro fiye da maƙwabtansu da ke zaune wuri ɗaya da su, sauro ɗaya ke cizonsu. Idan garkuwa ta bambanta haka a kan zazzaɓi, babu dalilin zaton ba ta bambanta a kan HIV.

Zariya ta dace da wannan aiki. Hausawa da Fulani da Gbagyi da Bajju da Atyap da Yarbawa da Ibo duk suna bin layi ɗaya a asibitocinta. Ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga asibitin koyarwarta a Shika, ga cibiyar horarwa ta ƙasa kan tarin fuka da kuturta a Saye. Mutanen da za su yi aikin suna nan.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta banza ba ce. Ƙidayar ƙasa ta 2018 ta nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar a Najeriya, kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49. Yawancin maganinsu da kuɗin waje ake saye, kuma kowa ya ga yadda hankali ya tashi a farkon 2025 da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙetare. Wanda ke fargabar ko zai samu kwalbar wata mai zuwa, ina ruwansa da kuromosom? Na yarda ko sisin kwabo bai kamata a cire daga kuɗin magani a kai wa bincike ba. Kuɗin bincike yana da tasa hanyar, ta TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, da haɗin gwiwar jami'o'i. Amma kuskure ne a ɗauka sanin gado ado ne kawai, domin ya riga ya taɓa kwalbar maganin kanta. Waɗanda suka sha maganin HIV mai suna efavirenz a shekarun baya sun tuna jiri da munanan mafarkai da jin kamar an bugu. Da yawa sun daina sha a ɓoye, aka yi ta yi musu faɗa: “Baba, kai ne ba ka son lafiyarka.” Daga baya ta bayyana cewa wani sauyi a ƙwayar gadon CYP2B6, wanda ya fi yawa a 'yan Afirka, yana sa hanta ta yi jinkirin narkar da maganin, sai ya taru a jini. Awon miligiram 600 da aka tsayar ya yi wa irin waɗannan yawa, gwaji kuma ya nuna 400 ma tana aiki. Baba bai yi ƙarya ba, jikinsa ne ya gaya masa.

Yanzu an koma TLD, ƙwaya ɗaya a rana mai haɗe da tenofovir miligiram 300, lamivudine 300 da dolutegravir 50. Nan ma gado na da magana. Akwai sauye-sauye biyu a ƙwayar gadon APOL1 da ke kare mutum daga wani nau'in ciwon barci na ƙudan tsando, amma wanda ya gaji kwafi biyu yana cikin babban haɗarin ciwon ƙoda idan HIV ta same shi ba magani. Sun yawaita a Afirka ta Yamma, kusan babu su a Habasha, kuma yawansu ya bambanta daga ƙabila zuwa ƙabila. Tenofovir kansa yana iya taɓa ƙoda. Saboda haka ko ba a yi gwajin gado ba, ya kamata a tsoma tsinken awo a fitsari a duba furotin, a auna kiriyatinin a jini don ganin lafiyar ƙoda, a sake maimaitawa lokaci-lokaci, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga. Mai shan TLD kuma ya yi nesa da yawan shan diclofenac da ibuprofen da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba.

Yadda za a yi binciken shi ne inda aka fi tuntuɓe. Jini mililita 4 zuwa 5 ya isa, a kwalba mai murfi ruwan hoda-shuɗi mai sinadarin EDTA. Idan aka yi kuskure aka zuba a mai koren murfi, sinadarin heparin da ke ciki yana hana gwajin PCR, mai kwafar rubutun gado don a karanta shi, tashi, an yi asarar jinin bawan Allah a banza. A juya kwalbar a hankali sau takwas zuwa goma, kada a girgiza, don girgiza na fasa jajayen ƙwayoyi. A kaɗa a injin cikin 'yan sa'o'i: ruwan sama shi ne na auna yawan ƙwayar cuta, siririn farin layin da ke kwance a tsakiya kamar maiƙon nono shi ne ake ciro DNA daga gare shi. DNA na da juriya, amma rubutun ƙwayar cutar ba shi da ita. Firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifiri idan wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, samfurin ya narke ya sake daskarewa sau biyu ko uku, lambar da za a samu ta zama ƙarya. Duk wanda zai nemi kuɗin irin wannan aiki bai sa sola da batir a lissafi ba, bai shirya ba. Ga ƙauyukan Giwa da Soba da Igabi masu nisa, ɗigon jini a kan takardar tacewa da aka busar a inuwa, aka sa a leda da ƙullin tsotse danshi, ya fi kwalbar da za ta yini a cikin jakar ɗan acaɓa.

Matsalar lissafi ta fi ta firiza. Ɗalibi ya auna mutum 80, ya raba su gida biyu, ya ga wani harafi ya ɗan fi yawa a gida ɗaya, ya rubuta cewa ya gano kariya. Da irin wannan adadi, sa'a kaɗai na iya haifar da bambancin. Tasirin yawancin waɗannan sauye-sauye ƙarami ne, sai da ɗaruruwa ko dubbai ake ganinsa, don haka dole Zariya ta haɗa hannu da Kano da Jos da Maiduguri a kan tsari ɗaya. Sannan idan masu ƙarfin garkuwa a samfurinka yawancinsu ƙabila ɗaya ne, masu rauni kuma wata, duk harafin da ya bambanta ƙabilun biyu zai fito kamar shi ne sanadi, alhali ba shi ba ne. Auren zumunci ma sai an lura da shi, domin 'yan'uwa biyu a samfuri ba shaidu biyu ba ne masu zaman kansu. Kuma a karanta rubutun ƙwayar cutar tare da na mai ɗauke da ita, in ba haka ba an kalli rabin dambe.

Akwai sharuɗɗan da ba zan sassauta a kansu ba. Arewa ba ta manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, shari'ar da sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Takardar amincewa ta kasance da Hausa, da boko da ajami, a karanta wa wanda ba ya karatu a gaban shaidar da ya zaɓa da kansa. A gaya masa ƙarara: “Inna, ko kin ƙi ba da jinin nan, maganinki na nan, ba wanda zai taɓa shi.” A faɗa masa ko za a fitar da samfurin waje, da inda za a kai, da ranar da za a lalata shi. Lamba za a rubuta a kwalba, ba suna ba. Dokar hana wariya ga masu HIV ta 2014 da dokar kare bayanai ta 2023 suna nan, sai dai a yi aiki da su. Kuma kada wannan ilmi ya shiga layin gwajin kafin aure. Gwajin HIV da na sikila, irin wanda Kano ta wajabta da doka a 2024, yana da amsa bayyananniya da matakin ɗauka. Nau'in HLA ko APOBEC3 ba ya gaya maka makomar mutum ɗaya, yana nuna rinjaye ne kawai a cikin taro. Mayar da shi ma'aunin “jini mai kyau” zalunci ne da zai faɗa kan mata kafin kowa.

Abin da ya fi damuna shi ne uwargidan can ta farko. Ƙasa da mutum ɗaya cikin 100 na masu HIV jikinsu kan danne ƙwayar ƙasa da 50 a kowace mililita ba tare da magani ba. Irin waɗannan su ne jarin masu tallan warkarwa: a ba su jiƙo, a kai su awo, a ɗaga takarda a ce ga shaida, sauran 99 su zubar da maganinsu. Mun ga yadda iƙirarin da Yahya Jammeh, shugaban Gambiya na lokacin, ya yi a 2007 cewa yana warkar da HIV ya raba marasa lafiya da maganinsu. Mai irin wannan garkuwa bai warke ba. Ƙwayar na kwance a rubutun gadon ƙwayoyin jikinsa, wasunsu kuma ƙarfin kan kuɓuce musu bayan shekaru. Idan ma'aikaci ya ci karo da wanda awonsa ya nuna babu ƙwaya alhali ya ce bai taɓa shan magani ba, kada ya yi saurin yanke hukunci. Ya sake tabbatar da gwajin farko. Ya bincika ko HIV-2 ce, domin na'urar da aka saba amfani da ita ta HIV-1 ce. Ya tambaya cikin sirri da mutunci ko yana karɓar magani a wani wuri. Tun 2015 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a fara magani ga duk wanda aka tabbatar yana ɗauke da cutar, ko nawa ne CD4 ɗinsa. A auna yawan ƙwaya bayan wata 6, a sake a wata 12, sannan duk shekara. Wanda nasa ya tsaya ƙasa da 200 ba ya sa wa abokin aurensa ta hanyar kwanciya, kowane irin gado yake da shi.

Wannan ci gaba ya zo da wata wahala ga mai bincike. Tunda yanzu ana fara magani nan take, kuma haka ya kamata, ba za a sake samun damar kallon yadda jiki ke fama da cutar shi kaɗai na tsawon shekaru ba, kuma haramun ne a jinkirta wa wani magani don a kalla. Wannan tarihi yana wuri ɗaya ne kawai: tsofaffin fayil-fayil na shekarun da ake jira CD4 ta sauka ƙasa da 200, daga baya 350, daga baya 500, kafin a fara ba mutum magani. A cikinsu akwai awon wata shida-shida da aka rubuta da biro, na mutanen da da yawansu suna raye, suna zuwa karɓar magani har yau, ana iya neman izininsu. Da tsohuwar zuma ake magani. Takarda kuwa ba ta jure gara da ɗigar rufi da ƙurar hunturu. Kafin a sayi ko injin guda na karanta DNA, a ɗauki ma'aikatan adana bayanai biyu ko uku, a ba su na'urar ɗaukar hoton takardu da kwamfuta mai makulli, su fara da fayil na shekarar 2005.